Jajen Malam Isa a Jarwal

Tun da na dawo daga Umara ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo shagona sayen kwanon rufi ko siminti, sai ya karɓi dabinonsa, ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labari. Waɗanda suka san gidanmu kuwa tambayarsu ɗaya ce: ina Goggo Hajara, ba ka ce da ita za ka dawo ba? Na maimaita har bakina ya fara ƙara wa labarin gishiri, shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi ciniki.

Goggo Hajara ƙanwar mahaifina ce. Ta tafi aikin Hajji ina ɗan firamare, bayan rasuwar mijinta da 'ya'yanta biyu, ba ta kuma dawo ba. Ta zama Takari, wato irin mutanenmu da suka zauna a Makka ba takardar zama. Bara ta fara kiran waya tana cewa ƙafa ta gaza, tana so ta dawo ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin mahaifiyarta, a ƙauyenmu na masu haƙar kuza da ke kudu da Jos. To ɗakin babu shi, gidan ma babu. An ƙone unguwarmu a rikicin da ya koro mu cikin gari, shekaru da dama ke nan. Mahaifina kafin ya rasu ya hana a gaya mata saboda tana da hawan jini. Aka ce mata mun koma gari ne don karatun yara, gida kuwa yana nan a kulle. Da Allah ya hore mini tafiya, sai dangi suka ɗora mini aiki: in lallaɓo ta ta dawo, in ya so idan ta sauka ta huta a gidana, a san yadda za a faɗa mata.

Ejan ɗin da ya yi mana biza ya zuba mu a bas ɗaya daga Jos zuwa Kano. Kusa da ni wani gajeren dattijo ne mai furfura, ya rungume wani ƙulli a cinya ya ƙi yarda a ɗora a sama. Sunansa Malam Isa, tsohon malamin firamare ne, Birom ne, kuma Musulmi tun daga mahaifinsa. Taya ta fashe mana kafin Saminaka, muka sauka muna cin masa a bakin titi, a nan hira ta kai mu ga asali. Da na faɗi ƙauyenmu da sunan mahaifina, sai ya tsaya da tauna.

"Kai ɗan gidan Garba mai awon kuza ne? Ai rafi ne kawai ya raba ƙauyenmu da naku."

Na ce haka ne. Kowa a cikinmu ya san abin da ɗan'uwansa ya sani game da rikicin. Muka koma mota muna zancen tsadar taki.

A Kano jirgi ya yi mana abin da ya saba, aka ce la'asar ya zama washegari. A Jidda kuwa na'urar ɗaukar zanen yatsu ta ƙi ni ƙememe, siminti ya cinye mini zanen tun tuni. Yaron da ke kan teburin ya fesa mini wani ruwa, ya danna yatsana kamar mai gwada nunar mangwaro, yana ta hira da abokin aikinsa, har ya buga mini hatimi bai dubi fuskata ba. Na lura idan farin mutum ya zo gabansa yakan ɗaga kai ya ce marhaba. Ban ji haushi ba sosai, gajiya ta fi haushin yawa.

Malam Isa aka tsare a wurin binciken kaya. Suka kwance ƙullin nan, sai ga acca, wankakkiya fara tas. Jami'in ya ɗiba ya murza, ya sansana, ya kira wani, wannan ya ce yashi ne, wancan ya ce abincin tsuntsu ne. Malam Isa ya tattaro Larabcinsa na makarantar dare ya ce musu abinci ne, likita ya hana shi shinkafa saboda ciwon sukari. Da ya ga ba su gamsu ba, sai ya watsa ɗan kaɗan a baki ya tauna ɗanya, yana tsaye cikin harami, kafaɗa a waje. Suka yi dariya suka ce ya wuce. Ya ɗaure ƙullinsa yana gunaguni, wai abincin da ya raini kakanninsa ake kira abincin tsuntsu.

Game da Ka'aba ba zan ce komai mai yawa ba. Na gan ta, na yi kuka, duk addu'ar da na haddace a hanya ta gudu. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kira shi.

An sauke mu a Misfala, kudu da Harami, a wani dogon bene mai na'urar hawa da ke aiki ranar da ta ga dama. Mu huɗu a ɗaki: ni, Malam Isa, da wasu 'yan'uwa biyu daga Bauchi waɗanda ba su da aiki sai barci da sayen agogo. Mutanen garin da rana suke barci, da dare su fito kasuwa. Gaisuwarsu gajera ce, ba mai tambayarka gajiya balle iyali. Abinci kuwa shinkafa da kaza, gobe kaza da shinkafa. Da safe akwai wani faffaɗan burodi mai zafi da ake ci da dafaffen wake, shi ne ya riƙe ni.

Rahamar Misfala ita ce matanmu Takari da ke sayar da tuwo a gefen titi bayan magariba. Kana tafe sai ka ji ƙamshin daddawa, ka rantse a Bauchi Road kake. Ranar farko wata ta zuba mini tuwo, ta ɗaga ludayi za ta sa miya, sai wani ya yi kira daga bakin layi cewa ga motar hukuma nan. Kafin in ƙifta ido babu mata, babu tukwane, babu tabarma. Aka bar ni tsaye da gayan tuwo a faranti. Na ci abina da ruwan Zamzam, amma na yi ta tunanin cewa Goggo ta yi shekaru tana irin wannan gudun.

Ni da Malam Isa tare muke zuwa Harami, tare muke dawowa, ni na riƙe masa takalmi, shi ya ja ni idan gwiwata ta motsa. Wannan bai hana mu taɓa tsohon miki ba. Wata rana bayan azahar ɗaya daga cikin mutanen Bauchi ya tambaya, cikin rashin sanin wuta, wai shin Jos ta wa ce. Na ce kakana ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, amma har yau 'ya'yana baƙi ake kiran su idan sun je neman gurbin karatu. In koma ina? Garin da kakana ya baro ko hanyarsa ban sani ba.

Malam Isa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji Sani, lokacin da kakanka ya zo, ba a kan iska ya sauka ba. Gonar kakana ce Bature ya haƙe, ya bar mana rami da ruwa mai cin yara. Ba wanda ya tambaye mu. Aka naɗa mana masu mulki da ba su jin harshenmu. Yau mun ce mu ma mu riƙe sarautarmu da ƙasarmu, sai a ce mun cika ƙabilanci. Ku kuna da Kano, kuna da Katsina. Mu in Jos ta tafi, ina muka nufa?"

Na ce ni ba ni da Kano, shago ɗaya gare ni a Jos. Ya ce shi kuma a masallacinmu har gobe tubabbe ake ce masa, alhali da salla ya buɗe ido, a wurin danginsa kuwa ya zama Bahaushe. Aka kira la'asar, muka tashi, na ɗauki takalmansa kamar kullum.

Wanda zai kai ni wurin Goggo wani ɗan'uwanmu ne, Abdul'aziz, jikan ƙanen kakana da ya taka da ƙafa ta Sudan ya zo Hajji bai koma ba. Su 'yan ƙasa ne, da takardunsu, a unguwar Shisha suke zaune a bene mai kyau. Ya aiko a ɗauko ni, na ce Malam Isa ya raka ni. Aka shigar da mu falo, aka kawo gahawa a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Duk sanda na shanye na miƙa kofi, sai a sake cikawa. Ni ina ganin rashin kunya ne in ƙi, shi mai zubawa yana ganin ban ƙoshi ba. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar ganga Abdul'aziz ya gane, ya yi dariya ya ce a nan girgiza kofi ake yi idan an ƙoshi.

Hausarsa irin ta tsofaffin Kano ce, rabi kuma Larabci. 'Ya'yansa ban da "sannu" ba su jin komai. Na tambaye shi ko su sun huta da zancen baƙunci, tunda a nan aka haifi ubansa.

Ya ce, "Wallahi ya ammi, takarda daban, fuska daban. Ni ɗan Makka ne, ubana ɗan Makka ne, amma har yau in na shiga ofis sai wani ya ce, ɗayyib, asalinka fa daga ina? Akwai masu ce mana ragowar alhazai. Yarona ya nemi auren wata, ubanta ya ce yaron kirki ne, bas, sai dai launin fata. Halas, magana ta mutu."

Malam Isa ya dube ni, na dube shi. Amma da zancen Goggo ya taso sai muryar Abdul'aziz ta sauya. Ya ce su waɗannan marasa igama, wato takardar zama, su ne ke ɓata musu suna, saboda su ake yi wa kowane baƙin mutum kallon mai laifi. Ya ce yana aika mata da abinci a azumi, amma ba ta zuwa gidansa, mushkila ce babba idan aka gan ta. Ya ce gara in tafi da ita, don an riga an shafa wa layin su Goggo jan fenti, rusau na tafe. Hanya mai sauƙi ce: ta miƙa kanta ga hukuma, su tsare ta kwanaki, su sa ta a jirgi.

Washegari da hantsi ya kai mu Jarwal, unguwar da Goggo take, a motarsa. Ya tsaya a gindin wani tudu bayan manyan otal-otal, ya nuna mana matakala, ya ce shi a nan zai jira. Muka hau, Malam Isa da ƙullin accarsa, don ya ce ba a zuwa gaida tsohuwa hannu rabbana. A hanya ya faɗo mini a rai in ja masa kunne game da zancen gida. Sai na ji nauyin in buɗe wa Birom baki in ce mun ɓoye wa tsohuwarmu abin da Birom suka yi mana. Na ce a raina gaisuwa ce kawai, mu shiga mu fito.

Ɗakinta ɗaya ne, da katifa, da risho, da akwatuna biyu a ɗaure da igiya, ta riga ta gama shiri. Ta tsufa ƙwarai, amma idon nan na gidanmu yana nan. Da yake sunan mahaifinta gare ni, ba ta faɗin sunana. Ta riƙe fuskata tana cewa, "Babana, kai ne ka yi furfura haka?" Muka yi kuka muka share.

Sai Malam Isa ya durƙusa ya gaishe ta. Tana jin yadda harshensa ke karya Hausa, ta kafa masa ido, sai kawai ta juya gaisuwar zuwa Birom. Ban taɓa sanin tana ji ba. Ashe da harshen ta yi wasan ƙasa. Dattijon nan ya rikice, yana amsawa, suka yi ta yi ina zaune kamar kurma. Ta tambayi wata ƙawarta, Ngo Chundung, ya ce tana nan da rai, jikoki sun cika mata gida.

Daga nan ya gyara durƙuso, ya cire hula, ya koma Hausa don in ji. Na gane daga baya cewa tun a Saminaka yake ɗauke da maganar nan. Kowa ya san al'ada: wanda ya yi asara, duk daɗewa, ranar da ka fara ganinsa sai ka yi masa jaje.

Ya ce, "Goggo, ya muka ji da abin da ya faru? Ban samu na yi miki jaje ba sai yau. Gidanku da aka ƙone, da dukiyar da ta salwanta, Allah ya mayar da alheri. Mutanenmu ne suka yi, ba zan ɓoye ba a wannan gari mai alfarma. Mu ma an kashe mana, amma wannan bai wanke wancan ba. Ki yi haƙuri."

Goggo ta dube shi, ta juyo ta dube ni.

"Babana, wane gida?"

Na faɗa mata. Ban san yadda na jera maganar ba, amma na faɗa duka, har da umarnin mahaifina. Malam Isa ya dafe kai yana salati, yana cewa wallahi bai sani ba. Ni kuwa ina kallon ƙirjinta, ina jiran hawan jinin da aka yi shekaru ana tsoro. Ba abin da ya faru. Ta daɗe tana kallon akwatunan nan biyu, sannan ta tambayi Malam Isa, ba ni ba, me ke wurin yanzu.

Ya ce gona ce, 'ya'yan Ngo Chundung ke nomawa.

"Maƙabartar bayan unguwa fa? Innata tana can, da 'ya'yana biyu."

"Ba a taɓa ta ba, Goggo. Ngo Chundung ta sa an kewaye ta da shingen ƙyarana. Ta ce duk wanda ya sa garma a wurin ba ita ta haife shi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo ƙullin da ya kawo ta kwance, ta zuba hannu cikin accar tana murzawa. Ta tambaya ta ina ce. Ya ce a kasuwar ƙauyen ya saya, ba zai iya rantsuwa kan gonar da ta fito ba. Ta ce ba sai ya rantse ba. Ta kunna risho, ta hana mu tashi, ta yi mana gwate da ɗan alayyafo da yakuwar da ta samo wurin maƙwabciya. Wayata tana ta ruri, Abdul'aziz ne a gindin tudu, ban ɗauka ba. Muka ci mu uku a kwano ɗaya. Rabona da gwate irin wannan tun kakata tana da rai.

Da muka wanke hannu na tattaro ƙarfin hali na yi aikin da aka aiko ni. Na ce ɗaki na nan a gidana a cikin gari, da banɗaki a ciki, matata da yara suna ɗokin ganinta. Na ce ga jan fenti a bango, gobe ko jibi za a rushe nan ɗin ma.

Ta ce, "Babana, ni ba Jos na ce zan koma ba, ɗakin innata na ce. Da muka taso, kowa ya san gonar Birom ce, kowa kuma ya san gidanmu ne, ban taɓa jin ɗaya ya hana ɗaya ba. Yanzu ka ce in je in zauna a bene, in rinƙa leƙen garinmu daga nesa? A can a ce mini baƙuwa, a nan a ce mini Takari. To gara baƙuncin da na saba da shi. In sun rushe nan, mu hau wani tudun, ba yau muka fara ba. In na mutu kuwa a Harami za a yi mini salla, a sa ni inda ba a rubuta sunan kowa, ba mai zuwa ya tambayi asalina."

Na yi magiya, na kira sunan mahaifina, na ce dangi za su ce na kasa. Ta ce in gaya musu ta yafe musu ƙaryar, amma kada a ƙara. Raina ya ɓaci, kuma a lokacin da Malam Isa nake jin haushi, ko da yake na san ba shi ya ƙulla ƙaryar ba.

Ta kwance igiyar akwati ɗaya. Ta fito da wani mayafi mai kyau da ta saya don ranar komawa, da dabino, da 'yar jarkar Zamzam. Na miƙa hannu, sai ta zarce da su wurin Malam Isa.

"Mayafin na Chundung ne, ka ce Hajara ta gode da shinge. Ka shiga wurin innata da yarana ka yi musu sallama, ka ce ba zan samu zuwa ba." Ta juyo gare ni. "Kai ba za ka iya shiga garin ba, Babana. Shi zai iya."

Da muka sauko, Abdul'aziz ya tambaya yaushe za ta miƙa kanta. Na ce ba za ta ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ala kaifaha," wato ruwanta, ya tayar da mota.

Sauran kwanakin ba wani abin labari. Na koma wurinta sau da dama, ba mu sake tayar da zancen ba. Mun je Madina, mun dawo ta Jidda, an auna kayanmu an ce sun yi nauyi, mutanen Bauchi suka rarraba agogunansu a aljihunan jama'a. Kafin mu bar Makka, ni da Malam Isa mun yi kwana biyu ba ma doguwar magana, sannan gwiwata ta motsa a wurin ɗawafin bankwana, ya kama ni, shi ke nan.

Mako guda da dawowarmu ya zo shago da ƙullin Goggo, ya ce in kai shi. Na ɗauko mota muka kama hanyar kudu. Rabona da hanyar tun ranar da muka fito a bayan tipa. Da muka kai mararrabar da ake karyawa zuwa ƙauyen, ƙafata ta sauka daga kan totur da kanta. Malam Isa ya ce in zo mu shiga tare, yana tare da ni ba abin da zai faru. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Na ce ya je, zan jira.

Ya sauka da mayafi a hammata, jarka a hannu, ya bi hanyar da na bi zuwa makaranta shekara da shekaru. Daga inda nake ina hango kan itacen fiyar da ke bayan gidanmu. Wata mata mai gasa masara a bakin titi ta ga na daɗe a tsaye, ta matso ta gaishe ni da Hausa mai kyau, ta ce, "Alhaji, baƙo ne kai? Wa kake nema a garin?"

Na ce mata ba kowa, rakiya na yi.